Shessheƙa Huɗu Kafin Kiran Salla

Mijina ladan ne. Shekara talatin da ɗaya sunansa bai fita daga bakina ba, amma tunda wannan rubutu ne ba furuci ba, Jibrilla ake ce masa, ni kuwa Malam nake ce masa. Kafin ladanci direban babbar mota ne, daga Wagadugu zuwa Lome, har ranar da bayansa ya ce ya gaji. Ni kuma Mamunatu, mai tuyar ƙosai a ƙofar gida, wadda dangin miji suka daɗe da yanke wa hukunci cewa da baki za ta kashe musu ɗan'uwa.

Masallacinmu na Zongo ƙarami ne, sahu huɗu in an matsu. Dukiyarsa ɗaya ce, wani tsohon akwatin lasifika da Malam ya ɗauko a ka lokacin da aka tashe mu daga unguwar Kuluba. Ni na ɗauko tukwane da yara, shi ya ɗauko akwati, kuma har yau a ganinsa shi ya ɗauki kaya mai muhimmanci. Akwatin yana da hali irin na tsofaffi. In an kunna shi sai an ba shi minti guda ya gama tari da ƙara kafin ya yarda ya ɗauki murya. Makullin ɗan ɗakin da yake ciki yana rataye a wuyan Malam shekara ashirin da ɗoriya, ko wanka ba ya cire shi.

Gaskiya dai muryar Malam ba ta taɓa yin daɗi ba. Murya ce ta mutumin da ya saba magana a kan ƙarar inji. Amma tana kaiwa inda ake so, kuma ba ta taɓa makara ba, shi ya sa kowa ya haƙura da ita. Sai bara da damina, ruwa ya kwanta mana a tsakar gida kwana tara, Malam ya kamu da mura. Murar kowa ta tafi, tasa ta shimfiɗa tabarma. Hanci ya toshe, goshi da kumatu suna masa nauyi, in ya yi sujada sai ya ce kamar an ɗora masa bulo a fuska. Majinar da yake fyacewa ba zan siffanta ta ba, don wataƙila wani yana cin abinci. Kiran salla kuwa ya koma kamar daga cikin jarka ake yin sa.

A daidai wannan lokaci Allah ya kawo mana Lassane. Tela ne daga unguwar Gungen, ya kama shago a layinmu, mutum mai ladabi har ya yi yawa. Wata rana Malam ya tafi jana'iza bai dawo da wuri ba, Lassane ya tsaya a ƙofar masallaci ya kira La'asar da baki, ba lasifika. Ni kaina na bar ƙosai ya ƙone. A waya ya koyi irin kiran Makka, yana jan murya yana lanƙwasa ta, mata suna leƙowa ta katanga. Da yamma Alhaji Muhammad Bashir, shugaban kwamitin masallaci, ya ce wa Malam cikin dariya ko za a riƙa raba aikin, tunda ga hanci ya matsa. Malam ya dawo gida bai ci tuwo ba, ya zauna yana murza makullin wuyansa.

Bayan kwana uku abin mamaki ya faru. Aka kunna akwati don Azahar, ya yi tarinsa, sai duk unguwa ta ji wani sauti a lasifika, irin na mai jan numfashi cikin kuka. Sau huɗu. Sannan muryar Malam ta fito tas, ba toshiya ko kaɗan, har ta fi ta da. Da La'asar haka, da Magariba haka. Kafin mako ya zagayo labari ya gama Zongo cewa tsoron Allah ya kama Ladan Jibrilla, ba ya iya kiran salla sai ya yi kuka. Tsofaffin da suka shekara suna ce masa direba suka koma ce masa Malam. Wata mata ta kawo jaririnta ya tofa masa. Maganar raba aiki ta mutu, domin wa zai karɓe lasifika daga hannun mai kuka?

Na yi murna, ban ɓoye ba. Sai dai wani abu ya tsaya mini a rai. Mutumin nan mahaifiyarsa ta rasu a hannunsa bai zubar da hawaye ba. Motarsa ta kife da buhun shinkafa ɗari shida, ya dawo gida ya tambayi abinci. Na ce to, wataƙila tsufa ne, ko kuwa Allah ya taɓa zuciyar da ni na kasa taɓawa.

Wata huɗu da fara kukan, Malam ya soma ciwon kai a ƙeya, zuciya tana buga masa kamar ana kirɓa sakwara, barci kuma sai gutsi-gutsi. Autarmu Zakiyya, wadda ke aiki a wani kantin magani a unguwar Dapoya, ta kawo abin awon hawan jini ta ɗaura masa a hannu. Ta duba, ta sake dubawa.

"Baba, tansiyo ɗinka sha takwas. C'est trop, ya yi yawa wallahi. Wannan sai asibiti."

"Injin nasara ne, bai san jikin Bahaushe ba," in ji shi.

Aka dai ja shi asibitin unguwa, aka ba shi ƙwayar hawan jini. Sun tambaye shi ko yana shan wani magani, ya ce babu. Ya sha ƙwaya wata guda, jini ya ce bai san zance ba.

Nan ne yayarsa Yalwa ta iso da jakarta, ta ce ta zo jinya. Ba jinya ta zo ba, bincike ta zo, kuma ta riga ta san mai laifi tun daga tasha. Ta ɗanɗana miyata ta ce gishiri ya yi yawa, na cire. Ta ce dunƙulen ɗanɗano ne, na cire. Ta ce daddawa, ta ce manja, ta ce kanwa. Muka koma cin miya mai ɗanɗanon ruwan wanke kwano, jini yana nan a sha takwas. Da ta ga tukunya ta ƙare, sai ta juyo kaina.

"Mamunatu, ba tukunya ba ce. Bakinki ne. Namiji shina dawowa gida shi huta, ke ko kamar rediyo."

Na yi kwana goma sha biyu ba na cewa komai a gidan nan sai sannu da madalla. Wanda ya san ni ya san wannan ya fi azumi wuya. Jini ya hau sha tara.

Zakiyya ta koya mini ɗaura injin, ina auna shi safe, rana da yamma. A nan na lura da wani abu. Kowace Juma'a, in ya dawo daga babban masallaci kafin La'asar, jinin yakan sauko sha biyar. Na nuna wa Yalwa, ina tsammanin zan wanke kaina. Ashe sanda na miƙa mata.

"To kin gani. Ran Juma'a tun hantsi shike barin gida. Awa biyar bai ji muryarki ba, jini ya kwanta. Mi ya rage a faɗi?"

Na shiga ɗaki na yi kukan haushi, nawa na gaske. Ina cikin share ido aka kunna akwati don La'asar. Ya yi tarinsa. Sai shessheƙar Malam. Ban san abin da ya sa na ƙirga ba. Huɗu. Da Magariba na ajiye ludayi na ƙirga, huɗu. Washegari duk kira biyar na ƙirga, biyu a jere, ɗan tsayawa, biyu a jere. Ni da na yi kuka sau dubu a gidan mutumin nan na san kuka ba ya zuwa da lissafi. Wani lokaci ya yi tsawo, wani lokaci ya maƙale. Sannan na tuna abin da ya bambanta Juma'a da sauran ranaku. Ba rashin muryata ba ne. Ran Juma'a masallacinmu ba ya kiran Azahar, kowa babban masallaci yake tafiya. Tun Asuba Malam ba ya kusantar akwati sai La'asar.

Makullin ba ya barin wuyansa, amma ɗan ɗakin yana da taga, kuma tagar ta daina rufuwa tun zamanin da aka sa ta. Da hantsi, lokacin da masallaci ba kowa sai ƙadangaru, na ɗauki bokiti kamar zan cika randar alwala. Na zura hannu ta taga bayan akwati, na taɓo gwangwanin madara, babba. Na buɗe. Kwalabe ne 'yan ƙanana na roba masu tsinin baki, irin waɗanda ake matsawa a hanci. Na ƙirga talatin da ɗaya, yawan shekarun aurenmu, duk babu komai ciki sai biyu. A ƙarƙashinsu ga fallayen ƙwayar mura, mai ja da fari, ga na ciwon kai. Ga tsoron Allahn da unguwa ke magana, a cikin gwangwanin madara.

Na kai wa Zakiyya a kantinsu. Ta karanta jikin kwalbar, ta dafe kai.

"Inna, an rubuta kar a wuce kwana biyar. Cinq jours. Tun yaushe yake sa wannan?"

"Wata bakwai. Sau biyar a rana, kowane hanci biyu."

"Da ƙwayar nan kuma? Inna, wannan ko mai lafiya ya sha sai tansiyo ya hau."

Da rana na jira Yalwa ta zauna kusa, don ina son shaida. Malam yana kishingiɗe a tabarma. Na juye gwangwanin a gabansa, kwalabe suka watse har ƙarƙashin kujerar yayarsa.

"Malam, ga hawayenka na kwaso maka."

Ya tashi zaune. Ya dubi kwalabe, ya dubi Yalwa, ya kai hannu wuyansa ya taɓa makulli, yana mamakin yadda aka yi.

"Wa ya ba ki izinin shiga ɗakin masallaci?"

"Ban shiga ba, hannuna ne ya shiga."

"Ni ban taɓa ce ma kowa kuka nike ba. Su sunka faɗi."

"Da aka kawo maka jariri ka tofa, ka ce musu maganin hanci ne?"

Ya sunkuya yana tattara kwalaben. Daga baya ya faɗi yadda aka yi. Wani tsohon abokin tuƙinsa ne ya kawo masa kwalba ta farko daga Lome, ya ce minti guda take buɗe hanci. Minti guda kuwa shi ne daidai abin da akwati ke bukata. Sai ya kunna, ya matsa, ya ja, kafin akwati ya gama tari hanci ya buɗe. Bai san lasifika tana ɗaukar jan hancin ba sai da aka fara gaishe shi da girmamawa. Bayan 'yan makonni kwalbar ta daina kai shi daga salla zuwa salla, hancin yana ƙara toshewa fiye da da, sai ya haɗa da ƙwaya. Da na tambaye shi me ya sa ya ce wa asibiti ba ya shan magani, ya ce ai ba sha yake ba, a hanci yake sawa, ƙwayar kuwa ta mura ce, mura ba ciwo ba ce.

Yalwa ta ɗauki kwalba ɗaya ta jujjuya. Na jira ta ce wani abu game da bakina. Abin da ta ce shi ne da mace mai lura ce da tuni ta gane.

Washegari muka kai shi wurin likitar hanci da kunne, wata mace mai gilashi da ba ta da lokacin wasa. Zakiyya tana fassara inda Faransancin Malam na tasha ya ƙare. Ta leƙa hancinsa da fitila, ta danna masa kumatu ya zabura, ta auna jini, sha tara da sha ɗaya. Ta ce a cikin ƙasusuwan fuska akwai 'yan kogo, nasa sun kumbura sun tara ruwa mai ƙwayar cuta tun damina, kuma ba a taɓa magance su ba. Maganin da yake matsawa ba ya warkar da komai, jijiyoyin jini yake matsewa don hanya ta buɗe. Ƙwayar murar ma haka take yi, sai dai ita duk jiki take matsewa, ba hanci kaɗai ba. Ta ciwon kan kuma tana hana ƙwayar hawan jini aiki sosai. Ga rashin barci saboda toshewar hanci ya ƙaru a kai.

"Ki tambaye ta, in na rage zuwa sau uku hwa?" in ji Malam.

Likita ba ta jira fassara ba. Ta ce a wannan awon, jijiya tana iya fashewa a kai kowace rana, mutum ya faɗi rabin jiki ya mutu, baki ya karkace. Ta ce zai bar kwalba da ƙwaya gaba ɗaya. Ta rubuta maganin kashe ƙwayar cuta, da wani abin fesawa na daban mai aiki a hankali, da ruwan gishiri na wanke hanci. Sannan ta faɗi abin da ya fi komai yi masa zafi. In ya bari, hancin zai rufe ruf, fiye da yadda ya taɓa yi, mako biyu ko uku, wataƙila fiye, kafin ya dawo hayyacinsa.

A hanya ya yi ta murza makullin wuyansa. Ni ma tausayinsa ya kama ni, duk da haushin miyar da ya sa muka ci wata biyu. Na san ba hanci yake tunani ba. Mako uku da muryar jarka, ga Lassane a layi, ga kuka ya ƙare. Kowa ya san inda makulli zai koma.

Zakiyya ta ce a zubar da sauran kwalabe biyu a masai. Na zubar da ɗaya. Da La'asar ta gabato na ajiye ɗayar a tabarma kusa da injin awo.

"Malam, ba zan ɓoye ba, don in na ɓoye za ka aika a sayo. Ga ta nan. In ka sa, duk unguwa za su ce kuka ne, ni kaɗai zan san me na ji. Amma in ka faɗi a gaban akwatin nan, ni zan yi ta juya ka a tabarma, ba kwamiti ba."

Ya dube ni ya daɗe. Ya ɗauki kwalbar ya jefa a aljihu, ya sa takalmi ya fita. Na tsaya a tsakar gida da tsintsiya a hannu, Yalwa ma ta fito bakin ƙofa. Akwati ya yi ƙara, ya yi tari. Na riƙe numfashi ina jira. Minti guda bai taɓa yi mini tsawo haka ba. Babu shessheƙa. Sai murya ta fito, toshe, a shaƙe, kamar an cusa wa mutum tsumma a hanci. Na ji 'yan matan gidan maƙwabta sun ƙyalƙyale. Ya kai kiran har ƙarshe bai rage harafi ba. Da ya dawo ya ciro kwalbar ya ajiye mini a kan murfin tukunya, cike yadda ya ɗauke ta.

Kwana shida ya yi a haka. Unguwa ta shiga fassara. Wasu suka ce baiwar ta tafi, wasu suka ce an yi masa baki, wasu suka ce zuciyarsa ce ta bushe, kuma ba sai na faɗi wadda ake zargi da busar da ita ba. A rana ta bakwai Alhaji Muhammad Bashir ya zo da goro, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya zagaya ta Kuluba da tsofaffin da suka rasu, ya sauka a kan cewa jiki yana da hakki. Malam bai bari ya ƙarasa ba. Ya cire igiyar daga wuyansa, inda ta bar farin zane a fata, ya miƙa.

"A ce ma yaron shi ba akwatin minti guda. In an yi mishi gaggawa, ƙara shike yi."

Lassane ya zo da kansa ya durƙusa, ya ce, "Baba Ladan, riƙo ne kawai, in ka warke ga abinka." Dukanmu mun san ba haka ba ne, har shi mai faɗin.

Da Azahar ta yi, Malam yana zaune a tabarma a tsakar gida, lokacin da bai taɓa kasancewa a gida ba. Bai san inda zai sa hannunsa ba. Na ɗaura masa inji don in ba shi abin yi, ya nuna sha huɗu. Na faɗa masa, ya gyaɗa kai kamar labarin wani ake ba shi. Sai akwati ya yi ƙara daga masallaci, ya yi tarinsa. Muka kasa kunne muna jiran muryar Makka.

Abin da ya fito shi ne jan hanci. Biyu a jere, ɗan tsayawa, biyu a jere. Lassane, bawan Allah mai ladabi, hancinsa lafiya lau, ya ɗauka haka ake buɗe kiran salla a masallacinmu, kuma ba ya son a ce ya zo ya canja al'ada.

Malam ya dube ni, na dube shi. Dariya ta ƙwace masa, irin wadda ban ji ba tun yana direba, yana dukan tabarma, yana cewa, "Kin ji ɗan banza, kin ji." Muryar Lassane ta tashi, mai daɗi, ta bi ta kan rufin gidaje, mata suna leƙowa. Ban san a wane wuri dariyar ta juya ba. Na dai ga kafaɗunsa suna rawa bayan sautin ya canja, hannunsa yana laluben wuyansa inda babu komai. Yalwa ta koma ɗaki ta saki labule.

Saboda sabo na fara ƙirga shessheƙarsa. Ya wuce huɗu, ya wuce goma, na bar ƙirga. Na kwance masa injin daga hannu, na zauna kusa da shi a tabarma, har aka tayar da salla ba mu tashi ba.